Ranar da Na Goge wa Laimar Kwaɗi Fuska

Tun ranar da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin layinmu sai wani ya matso ya ce, "Habu, wai da gaske laimar kwaɗi ka je ɗauka hoto?" In ce da gaske. Sai ya ƙwala wa na can gefe kira ya zo ya ji da kunnensa, a sake komawa farko. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Mai son ji ya karanta. Wanda bai gane ba kuma kada ya biyo ni neman ƙarin bayani, domin ni da na je ɗin ma ban gama ganewa ba.

Shekara ashirin da uku ina ɗaukar hoto a nan Sabo, cikin Ibadan. Biki, suna, saukar karatu, fasfo, babu gidan da hotona bai shiga ba. Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto, ni kuma na zama mai gadin shago. Akwai makon da ban da ƙuda babu wanda ya leƙo. Ƙanin matata, Alhaji Sule, mai rumfar albasa a kasuwar Bodija, ya same ni ya ce, "Yaya Habu, ka rufe wurin nan ka zo ka zauna mini a rumfa." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma Sulen nan ni na ɗauki hotonsa na shiga firamare yana kuka da majina, yanzu kuma in koma in riƙa tsince masa ruɓaɓɓiyar albasa. Matata Rabi ta ce, "Baban Zainab, girman kai ba ya shiga tukunya." Na yi alkawarin zan ba shi amsa kafin ƙarshen wata.

Ana cikin haka wata mata Bayarabiya ta shigo shago ɗaukar fasfo. Malama ce a wata jami'a, sunanta Dakta Folake. Ta tsaya gaban wani tsohon hoto da ke jikin bango, hoton tafin hannun amarya da na ɗauka kurkusa, kowane layin lalle ya fito. Ta tambaye ni da Yarabanci wa ya ɗauka, na ce ni. Ta ce za ta je kan dutsen Mambila ɗaukar hoton olu, wato abin da mu muke kira laimar kwaɗi, mai ɗaukar mata hoto kuwa ya bar aiki. Idan hotunan sun yi, zan riƙa bin ta duk wani aikin daji da za ta fita. Ta ƙara da cewa tunda ni Bahaushe ne, ai na san Arewa. Ban gaya mata cewa a Sabo aka yanke cibiyata ba, kuma iyakar tafiyata Ilori. Na ce na sani.

Daga tashar Ojoo muka tashi da sassafe a cikin watan takwas, kwana uku muka yi a hanya. Kwanan farko a Makurɗi, na biyu a Serti. A motar farko wani mai fataucin doya ya tambaye ni sana'ata da inda na nufa. Da na gaya masa sai ya ciro goro ya ba ni, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Daga nan na daina faɗin gaskiya, duk wanda ya tambaya sai in ce biki za mu.

Daga Mayo Selbe aka fara hawan dutse. Motar tana nishi, hanya tana lanƙwasa, gefe guda kuma rami ne wanda ban yarda na leƙa sau biyu ba. Kunnuwana suka toshe. Muna kaiwa sama direba ya tsaya ya ciro rigar sanyi da hular sanyi, sauran fasinjoji ma kowa ya buɗe jaka. Ni kuwa shadda na sa, sabuwa, saboda Dakta ta ga ta ɗauko mutumin kirki. Da na fito fitsari sai na ji iska ta shige ta hannun rigar ta fita ta wuya, haƙorana suna haɗuwa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ba ni aron zani na yafa, haka na shiga garin Gembu da zanin mata a ka. Dakta ta dube ni ta ce, "Malam Habu, ba ka ce ka san Arewa ba?" Na ce wannan ɓangaren ne ban zo ba.

A Gembu na sayi rigar sanyi ta gwanjo da safa. Mai sayarwar ya saurari Hausata ya ce, "Kai Bayarabe ne, amma ka iya Hausa." A Ibadan ni Bahaushe ne tun ina cikin zani, na hau dutse kuma na zama Bayarabe. Na karɓi kayana na yi gaba.

Kurmin da Dakta take nema yana tsallaken iyaka, cikin ƙasar Kamaru. A kan babur muka je, ta cikin taɓo. Ni da na ji an ce iyaka na ɗauka zan ga katanga da ƙofa. Ashe sanda ce guda ɗaya a gicciye a hanya, da wata rumfa, da akuya tana shiga Kamaru tana dawowa Najeriya babu mai tambayarta. Jami'in wurin ya yi mana Faransanci, muka yi zuru. Ya koma Fulatanci, muka ƙara yin zuru. Sai ya juya Hausa ya ce me ya kawo mu. Wannan karon dole na faɗi gaskiya. Ya duba takardun Dakta ya ga daidai suke, ya sake dubana.

"Daga Ibadan?"

"Daga Ibadan, ranka ya daɗe."

"Babu laimar kwaɗi a Ibadan?"

Na juya na tambayi Dakta, domin ni ma tambayar tana raina tun daga Ojoo. Ta ce akwai, amma ba irin wannan ba. Ya buga mana hatimi, sannan ya ce tunda ga kyamara ta zo har nan, a ɗauki ɗan Adam ko guda ɗaya. Na gyara masa hula, na miƙe masa wuyan riga, na kaɗe masa ƙura a kafaɗa, na ce ya ɗaga haɓa. Da ya ga hoton sai da ya raka mu har bakin babur.

Mai masaukinmu Malam Buba ne, dattijo mai shanu, wanda ya san kurmin lungu da saƙo. Abin da ya fara ba ni mamaki a gidansa shi ne kowa a madafa yake zama, har shi maigidan. A Sabo in aka ga namiji zaune kusa da murhu sai a ce an mallake shi. A can kuwa wurin wutar shi ne falo, masara na rataye a sama tana shan hayaƙi, baƙo ma nan ake kai shi. Rana ɗaya na yi ina jin nauyi, kashegari ni na riga kowa zama. Ruwan alwala sai an ɗora shi a wuta. Ranar da na yi gaggawa na ɗebi na randa, sai da na manta ko na wanke ƙafar hagu.

Abinci tuwon masara ne da wani ganye da suke kira kumbi, da madara mai ɗumi, da shayi wanda a nan kan dutsen ake noma shi. Sai ranar da matar gidan, Dada, ta kawo miya da wasu abubuwa masu santsi a ciki. Ta ce naman kaza ne. Na duba da kyau na ga ai laimar kwaɗi ce aka yanka. Na ce, "Dada, to ta yaya ake bambance naman kaza da laimar kwaɗi?" Ta ce, "Wanda aka ci aka kwana lafiya, shi ne naman kaza." Dakta tana ta zuba loma. Na yi bisimilla sau uku na ci, sannan na zauna ina sauraron cikina har aka yi sallar isha'i. Gaskiya miyar da daɗi, amma ban ƙara ba.

Aikin kansa ya fi komai rikita ni. Dakta ta ba ni wani dogon ido na ɗaura wa kyamarata, wanda ke mayar da abu kamar ƙwayar gero ya cika hoto. Sai dai in ka yi motsi kaɗan, komai ya watse. Ba a tsaye ake ɗauka ba, rub da ciki ake yi a kan jiƙaƙƙen ganye, haɓa a taɓo. A ajiye rula a gefe don a san tsawonsa, a zura ɗan madubi a ƙarƙashi don a ga cikin laimar. In za ka danna sai ka riƙe numfashi, domin hucin bakinka ma yana rufe gilashin. Batir kuma sanyi yana shanye shi, sai Dakta ta ce in riƙa ajiye na biyu a hammata. Haka na wuni ina tafiya da hannu ɗaya a manne, Malam Buba har ya tambaya ko maruru ne ya fito mini.

Ranar farko da muka dawo na ji kyamarar ta yi sanyi ƙalau, tausayinta ya kama ni, na shiga da ita madafa na ajiye kusa da wuta. Kafin in sha shayi gilashin ya yi gumi ta ciki, fari fat. Dakta ta dafe kai ta ce a leda ake ɗaure ta, a bar ta ta ɗumama a hankali. Rabin yinin kashegari ya tafi muna jiran gilashi ya bushe. Da muka fita kuma hannuna rawa yake yi don sanyi, hotuna suka fito kamar an ɗauka daga cikin mota. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta miƙo mini kyamarar. Ni kuwa a lokacin warin albasa kawai nake ji, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Akwai kuma abin da yake ci mini rai. Duk olun da muka samu, yadda yake haka take sa in ɗauka, da ƙasa a kansa, da busasshen ganye a gefe, wani ma katantanwa ta gutsure shi. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. A shagona ango ba ya zama da karkatacciyar hula, amarya ba ta zama da gumi a goshi. Wannan shi ne abu na farko da maigidana a sana'ar hoto ya koya mini, kafin ma ya bari in taɓa kyamara. Sai na ce a raina, ita malamar makaranta ce, ba mai hoto ba, ba ta san yadda ake fito da abu ba. Ranar da aka bar ni ni kaɗai zan nuna mata aiki.

Ranar kuwa ta zo. A rana ta uku Dakta ta zame a kan ciyawa ta gurɗe ƙafa, ta kumbura. Kashegari da hantsi Malam Buba ya dawo daga wurin shanu da sauri ya ce ya ga olun da take nema, guda ɗaya tak, a gindin wata bishiya. Shekara shida da suka wuce ta taɓa ganinsa sau ɗaya, ba ta da kyamara mai kyau a lokacin, kuma da safe yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane. Ta yunƙura ta tashi, ƙafa ta ƙi. Sai ta riƙe hannun rigata ta ce, "Malam Habu, sama, gefe, ƙarƙashi da madubi, rula a kusa. In ka gama ka tono shi da saiwarsa ka sa a takarda. Saboda shi na zo."

Na same shi bai wuce babban yatsana ba, ya ɗan karkata gefe guda. Da na leƙa ta cikin kyamara sai na ga duk kansa ya yi buɗu-buɗu da wani gari ruwan ɗorawa, a wuyansa kuma ga wani zare-zare yana lilo kamar yanar gizo. Kewaye da shi ruɓaɓɓen ganye ne baƙi. Na ce haba, abin da aka jira shekara shida ba zai shiga hoto a haka ba.

Na ciro hankicina, na lanƙwasa bakinsa, na goge garin nan tas, a hankali don kada in ji masa ciwo. Na samo tsinke na zare yanar wuyan. Na share ganyen da ke kewaye, na kafa ɗan ƙaramin itace ta baya inda ba a gani, na tokare shi ya miƙe. Na shimfiɗa baƙin ƙyalle a bayansa. Malam Buba yana tsaye a kaina da sandarsa.

"Malam, haka ake yi?"

"Shekara ashirin da uku ina wannan aikin, Baba."

"To, Allah ya taimaka."

Ranar hannuna bai yi rawa ba. Na dafa gwiwar hannu a ƙasa, na riƙe numfashi, na danna. Kansa ya fito sumul yana sheƙi, cikin laimar kuma kowane layi a jere. Tunda nake ban taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba. A hanyar dawowa har waƙa nake yi a zuci, ina tsara yadda zan gaya wa Sule ya nemi wani.

Dakta tana zaune a bakin wuta ƙafarta a kan turmi. Na miƙa mata kyamarar. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta ce wannan ba shi ba ne, Malam Buba ya yi kuskure. Malam Buba ya ce shi ne. Ta buɗe takardar ta juya abin a tafin hannu. Sannan ta ɗago.

"Ina garin kansa?"

"Dattin? Na goge."

"Zaren wuyansa fa?"

"Yanar gizon? Na cire."

Na ciro hankicin na nuna mata, ga ɗan ruwan ɗorawa a bakinsa, wai don ta ga ƙoƙarina. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi hankicin da hannu biyu ta daɗe tana kallo, na ga idonta ya kawo ruwa. Can ta yi mini bayani a hankali. Garin nan ba datti ba ne, jikinsa ne, da shi yake fitowa. Zaren ma nasa ne. Su biyun ne suka bambanta shi da 'yan'uwansa da suka cika kurmin, su take so ta nuna wa masana su yarda cewa wani iri ne daban. Ganyen da na share kuwa shi ne zai nuna a kan me yake tsirowa. Na ce to me ya sa ba ta gaya mini kada in goge ba? Ta ce, "Malam Habu, a rayuwata ban taɓa tunanin akwai mutumin da zai goge wa olu fuska ba." Ni ma a rayuwata ban taɓa tunanin akwai wanda zai yi tafiyar kwana uku don ya ɗauki abu da dattinsa ba. Muka zauna muna kallon juna, Dada tana tsakani da ludayi ba ta san me ya faru ba.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Kashegari muka ɗora Dakta a kan dokin Malam Buba muka koma gindin bishiyar. An kwana ana ruwa. Muka juya kowane ganye har rana ta take, babu ko alama. Malam Buba ya ce sai wata daminar, in da rabo. Sauran kwana biyun na ɗauki duk abin da ta nuna mini, hannuna na hagu a cikin aljihu, don na daina yarda da shi.

A dawowa kwana uku maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce "ga ruwa" da "na gode" ba. Ni na riga na sallama. A cikin mota har na fara tunanin inda zan kai allon shagona, da wanda zan ba labulen bango.

Muna sauka a Ojoo, ana fito da kaya, ta kira ni. Ta buɗo hoton nan a wayarta ta ce, "Wannan hoton ba shi da amfani ko kaɗan." Na ce na sani. Ta ce, "Kuma shekara goma sha biyar ina aikin nan, ba a taɓa ɗaukar mini hoto mai kyau irinsa ba." Na tsaya da jaka a hannu, ban san ko haƙuri zan bayar ko godiya zan yi ba, sai na yi duka biyun. Ta ce ranar Litinin in zo, akwai wani ruɓaɓɓen kututture a Akinyele da take so mu duba. Gwaji ne na wata uku. Hankicina kuma yana wurinta, ta ce za ta kai ɗakin bincike ko za a sami wani abu a jikinsa.

Ban shiga gida ba sai da na biya Bodija. Na sami Sule a kan buhu, ya tashi ya ba ni wuri.

"Yaya Habu, sannu da hanya. To, me aka yanke?"

"Na sami aiki, Alhaji, gwajin wata uku."

"Madalla. Ke nan hotunan sun yi kyau."

"Wanda ya fi kyau shi ne na ɓata."

"To a kan me aka ɗauke ka?"

"A kansa."

Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da ake yi wa wanda ya tashi daga zazzaɓi. Sannan ya sassauta murya don kada masu dako su ji, ya ce, "Yaya, ni ba zan sa kowa a wurin nan ba. Zan bar maka shi har wata ukun su cika."

A mota na shirya amsar da zan ba shi, mai nauyi, wadda za ta tuna masa waye babba. Na buɗe baki, sai na tuna cewa ranar Litinin zan kwanta gaban kututture, kuma har yanzu idona bai san wanne ne datti wanne ne jikin abu ba.

Na ce, "Bar mini shi, Sule. Na gode."